Mai Barci Ba Ya Ba Da Shaida

A Kano, idan an ce za a yi wa mutum aiki a asibiti, magana biyu dangi ke jira a waya. Ta farko ita ce "an shiga da shi", ta biyu kuma "ya farka". Tsakaninsu akan yi awa ɗaya, ko uku, ko biyar, kuma duk tsawon wannan lokaci na waje ba su san abin da ake ciki ba, shi kansa mara lafiyar ma bai sani ba. In an fito lafiya, sai a yi ta sa wa likitan da ya riƙe wuƙa albarka, ana ambaton sunansa a gidan suna da gidan biki. Wanda kuwa ya sa mara lafiyar barci, ya tsaya a kansa yana lura da numfashinsa har ya tashe shi, da wuya ka sami wanda ya riƙe ko da kamanninsa. Hausawa sun ce barci ƙanin mutuwa ne. To, barcin ɗakin tiyata ya fi kowane barci kusa da wan nasa, domin magani ne ke kai mutum can, kuma wani ɗan Adam ne aka damƙa wa alhakin tsaronsa har ya dawo.

Ni ba likita ba ne. Kimiyyar kwamfuta na karanta, kuma a rubuta manhaja nake cin abinci. A Fagge aka haife ni, ofishinmu kuma ɗan ɗaki ne a saman wani bene a Sabon Gari, inda muke yi wa 'yan Kantin Kwari da masu shagunan magani manhajar lissafin kaya da bashi. Abin da ya haɗa ni da masu allurar barci shi ne wani abokina da muka yi makarantar allo tare, wanda yanzu yake samun horo don zama ƙwararren likita a wannan fanni. Wata rana bayan sallar isha ya same ni a majalisarmu ta ƙofar gida, rungume da kwali irin na taliya.

"Injiniya, taimako na zo nema."

"Likita, in dai ba allura za ka ce in riƙe maka ba, faɗi."

Ya yi mini bayani cewa kwalejojin da ke ba su shaidar ƙwarewa, ta ƙasa da ke Legas da ta Afirka ta Yamma, ba sa yaye kowa sai ya gudanar da bincike na kansa, ya rubuta, ya kare shi a gaban manya. Tambayarsa a kan mata ce masu tiyatar haihuwa, waɗanda ake yi wa allurar baya, wadda ke kashe jiki daga ƙirji zuwa ƙafa mace tana farke. Sanannen abu ne cewa wannan allura kan sa ƙarfin jini ya faɗi, saboda tana saki jijiyoyin jini su buɗe. Shi so yake ya san mata nawa ne hakan ke samu a wurin aikinsa, a minti na nawa, kuma me aka yi musu ya fi tasiri. Cikin kwalin akwai kwafin takardu da aka goge sunayen masu su, yana so a mayar da su alƙaluman da kwamfuta za ta iya tacewa.

Daren nan na fara ganin takardar likitan barci. Mai layi-layi ce kamar littafin lissafin 'yan firamare, kowane gida minti biyar. Ɗigo yana nuna bugun zuciya, wasu 'yan alamomi kamar kan kibiya suna nuna ƙarfin jini. A gefe an rubuta maganin da aka bayar da yawansa da lokacinsa, ruwan da aka ƙara, da jinin da ya zuba. Ina kallonta na gane 'yar gidanmu ce. A sana'armu duk manhajar kirki tana rubuta wa kanta rajista: ƙarfe kaza aka shiga, ƙarfe kaza aka nemi kaza, ƙarfe kaza abu ya tsaya. Idan manhaja ta faɗi da tsakar dare babu wanda ya gani, da safe wannan rajista muke buɗewa mu bi sawu. Mutumin da ke kwance a kan teburin tiyata shi ma ba zai iya ba da labarin abin da ya same shi ba. Takardar nan ce kaɗai shaidarsa.

Asalin takardar ma daga ɗalibai ya fito. A ranar 16 ga Oktoba 1846 ne William Morton ya nuna a bainar jama'a, a wani babban asibiti na birnin Boston a Amurka, cewa ana iya shaƙa wa mutum sinadarin ita a yanka shi bai ji ba. Shi ya sa har yau ake tunawa da wannan rana a matsayin ranar masu allurar barci ta duniya. Amma kusan shekara 50 aka yi ana sa mutane barci da ƙiyasi da duban ido. Sai a wajen 1895 wasu ɗaliban likita biyu a wannan asibitin, Harvey Cushing da Amory Codman, suka fara rubuta bugun zuciya da numfashin mara lafiya a kan takarda lokaci bayan lokaci. Daga baya Cushing ya ga na'urar awon jini a Italiya a 1901, ya kawo ta gida, aka ƙara wannan layi a takardar.

Da na fara shigar da alƙaluman abokina, sai na riƙa cin karo da gidajen da babu komai. Takarda za ta taho tsaf, ɗigo bayan ɗigo, sai kwatsam gida uku ko huɗu a jere fanko, sannan ɗigon ya dawo. Na nuna masa ɗaya na ce, a nan kam an yi mantuwa.

Ya duba, ya girgiza kai. "Mutumina, a nan hannuna biyu suna kan jakar iska. Wa zai riƙe biro?"

Wannan amsa ta sauya yadda nake kallon kwalin baki ɗaya. Lokacin da abu ya fi ɓaci, lokacin ne babu hannun da zai rubuta. An ɗauke wuta ana jiran a tada inji, ko jini ya ɓalle, ko jariri ya fito bai yi kuka ba, mutum ɗaya kuma yake aikin mutum uku. A lissafi wannan babban tarko ne. Hanya mafi sauƙi ga mai kwamfuta ita ce ya ce wa na'ura ta zubar da duk takardar da ba ta cika ba, ta yi aiki da sauran. In aka yi haka, matan da suka fi shan wuya su ne za su ɓace daga cikin lissafin, sakamako ya fito fes, kowa ya yi murna, alhali an binne gaskiya. Don haka muka ware wa giɓin gida nasa. Ƙaramar manhajar waya da na rubuta masa don sashe na biyu na aikin ba ta buƙatar intanet, maɓallanta manya ne yadda mataimaki zai danna da babban yatsa, tana girgiza duk minti biyar, kuma in an tsallake awo tana tambaya daga baya: me ya hana?

Irin wannan ƙirga mai gundura ce ta mayar da allurar barci daga abin tsoro zuwa ɗaya daga cikin fannonin likitanci mafi aminci. A 1954 Henry Beecher da Donald Todd suka wallafa nazarin tiyata kusan 600,000 a asibitocin jami'a 10 na Amurka, suka sami hannun maganin barci a mutuwar mutum 1 cikin kowane 1,560. A yau a ƙasashe masu arziki ana maganar wajen 1 cikin 100,000. Cikin waɗanda suka kawo wannan sauyi akwai wani da nake jin kamar ɗan'uwana ne a sana'a, Jeffrey Cooper, injiniya ne da ke aiki a sashen masu allurar barci a Boston. Ya ari dabarar da ake bi wajen binciken kurakuran matuƙa jirgin sama, ya zauna da likitoci ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu abin da ya taɓa kusa ɓaci a hannunsu, ba tare da neman wanda za a hukunta ba. A 1978 ya wallafa nazarin aukuwa 359, kashi 82 cikin 100 daga ciki akwai kuskuren ɗan Adam. Amma da aka bi diddigi sai aka ga kayan aikin ne ke haƙa wa mutane rami. Misali, a wasu injinan in ka murɗa maɓalli dama magani ƙaruwa yake, a wasu kuma raguwa. Likitan da ya kwana bai runtsa ba, aka sauya masa inji, me ake tsammani? Aka daidaita injinan, aka kafa ƙa'idar awo aƙalla duk minti biyar, mutuwa ta yi ta raguwa.

Mu a nahiyarmu an daɗe ana tafiya babu cikakken ƙidaya. A 2016 wani likitan barci na Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu, Bruce Biccard, ya jagoranci wani aiki da ake kira ASOS. Tsarinsa mai sauƙi ne: kowane asibiti ya zaɓi mako ɗaya, ya rubuta duk babban da aka yi wa tiyata, ya bi shi har ya fita ko ya rasu. Asibitoci 247 a ƙasashe 25, har da Najeriya, suka tara bayanan mutum 11,422, aka wallafa a mujallar Lancet a farkon 2018. Kusan mutum 1 cikin 5 ya sami matsala bayan aiki, mutum 239 suka rasu, wato kashi 2.1 cikin 100. Marasa lafiyar sun fi na sauran duniya ƙuruciya, cututtukansu ma ba su kai nasu nauyi ba, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyatar da aka tsara ya ninka na duniya sau biyu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar aikin suka rasu ba. A kwanakin da suka biyo baya ne, a ɗakin kwanciya, bayan dangi sun riga sun buga waya sun ce ya farka. Da aka ware mata masu tiyatar haihuwa, rahoton 2019 ya nuna mutuwarsu ta ninka ta ƙasashe masu arziki wajen sau 50.

Masu binciken ba su tsaya nan ba. Suka ce tunda a ɗakin kwanciya ake rasa mutane, bari a gwada ƙara sa ido: a kai gadon mai haɗari kusa da teburin ma'aikatan jinya, a yawaita awo, a bar ɗan'uwa ya zauna kusa da shi. Aka gwada a asibitoci 332 a ƙasashe 28, sakamako ya fito a 2021, kuma mutuwa ba ta ragu ba. Wani zai ce aikin banza aka yi. Ni a wurina wannan na cikin mafi amfanin abin da bincike ke yi, domin dabara ce da kowa zai rantse za ta yi aiki, sai ƙidaya ta nuna cewa ganin matsala da wuri ba ya wadatarwa in babu mutane da kayan da za a tare ta. Ƙungiyar masu allurar barci ta duniya ta ba da shawarar a sami aƙalla likitan barci 5 ga kowane mutum 100,000. Ƙidayar da ta wallafa a 2017 ta nuna Najeriya ba ta kai ko 1 ba. Shi ya sa a asibitoci da yawa ma'aikatan jinya da aka horar ne ke riƙe da wannan aiki, kuma shi ya sa duk likitan da aka yaye a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ko a Shika ta Zariya, ko a Sakkwato, yake da nauyin gari guda a wuyansa.

Akwai kuma tambayoyin da babu wanda zai yi mana su sai mu. A lokacin korona, a 2020, wata 'yar na'ura ta cika shagunan magani na Sabon Gari, wadda ake maƙala wa yatsa ta nuna yawan iskar oksijin da ke cikin jini. Ni ma na saya wa mahaifiyata ɗaya. Babbar yayarta ce ke ɗakin tiyata, tana ƙara da kowane bugun zuciya, kuma sautin yana yin ƙasa in iskar ta fara raguwa, yadda likita zai ji da kunnensa ko bai ɗaga kai ba. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Haske biyu take turawa ta cikin yatsa, ja da wani da ido ba ya gani. Jinin da ya ƙoshi da iska da wanda bai ƙoshi ba ba sa shan hasken nan daidai, sai na'urar ta auna bambancin. Rayukan da ta ceta ba su ƙirguwa, har aka kafa wata ƙungiyar agaji mai suna Lifebox a 2011 don rarraba ta, bayan an ƙiyasta cewa ɗakunan tiyata sama da 77,000 a duniya ba su da ita.

Sai dai ni mai rubuta manhaja na san cewa lambar da ke fitowa a fuskar na'ura daga wani jadawali take da aka dasa a cikinta, jadawalin kuma daga jikin wasu mutane aka samo shi. Kamfani kan tara masu lafiya, a rage musu iska a hankali, a gwada abin da na'ura ta ce da abin da jinin da aka ɗiba ya nuna. Ƙa'idar hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta 2013 ta nemi aƙalla mutum 10, biyu daga ciki ko kashi 15 cikin 100 su zama masu duhun fata. A Disamba 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka duba marasa lafiyar da na'urar ta ce iskarsu tana tsakanin 92 da 96, wato babu damuwa. Da aka gwada da jini, kashi 11.7 cikin 100 na baƙar fata iskarsu tana ƙasa da 88, a farar fata kuwa kashi 3.6 ne. Na'urar ta fi yawan kwantar da hankali a inda bai kamata ba idan yatsan irin namu ne. Wannan ba dalilin jefar da ita ba ne, dalili ne na a auna ta a kanmu. A Kano kusan kowane yatsa da za a maƙala mata baƙi ne, na mata kuma sau da yawa da lalle, ja ko baƙi, hannu da ƙafa. Yadda kowace irin na'ura da ke kasuwarmu take karanta irin wannan yatsa tambaya ce ta sashen bincike da ke nan garin, kuma amsarta za ta amfani mutane daga nan har Maraɗi da Yamai.

Haka ma maganar zafi. A takardun bincike akwai gidan da ake tambayar mara lafiya ya faɗi zafin da yake ji daga 0 zuwa 10. Abokina ya ce in ya tsaya a kan matar da aka yi wa aiki jiya ya ce, "Hajiya, yaya jiki?" amsa ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdulillahi." Tana faɗa gumi na keto mata, ta damƙe ƙarfen gado. Mu mutane ne da aka raina a kan dauriya. Yaro a hannun wanzami ana ce masa namiji ba ya kuka, mai naƙuda ana ce mata ta yi shiru kada a ji ta a zaure. "Da sauƙi" addu'a ce da ladabi, kuma in ka shigar da ita kwamfuta a matsayin awo, za ka kammala cewa matan Kano ba sa buƙatar maganin zafi. Alhali harshen yana da kalmomin da suka fi lamba bayani: zogi daban, raɗaɗi daban, suka daban, murɗa daban, sara daban. Dabarar da shi ya koya ita ce ya bar gaisuwa ta wuce tukuna, sannan ya tambaya ko ta iya yin barci jiya, ko tana iya tari, ko tana iya juyawa ta ɗauki jaririnta. Tsara irin waɗannan tambayoyi da Hausa, a gwada su a tabbatar suna auna abin da ake so, shi ma bincike ne cikakke.

Amma kalmar bincike tana da tabo a unguwarmu. Ranar da Ummata ta ga kwalin a ɗakina ta tambayi ko mene ne, na yi mata bayani, sai fuskarta ta sauya.

"Kai, gwaji za ku yi da matan mutane?"

Ba daga sama ta ɗauko tambayar ba. A 1996, ina ƙaramin yaro, annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, ta kashe sama da mutum 10,000. Abin da nake iya tunawa shi ne zafin bazarar, da layin allurar rigakafi, da yadda aka hana mu cunkushewa a ɗaki ɗaya. A Asibitin Zana, wanda daga gidanmu da ƙafa ake zuwa, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarna. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Aka yi shekaru ana shari'a, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan, da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004, wannan labari na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Amanar da aka ɓata a asibiti ɗaya, yaran wasu garuruwa da wasu ƙasashe ne suka biya kuɗinta da ƙafafunsu.

Na gaya wa abokina, ya ce shi zai zo da kansa. Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Umma, an ce kina da tambaya."

"Tambaya ɗaya ce, ɗan nan. Su matan, an gaya musu?"

Ya yi mata bayani dalla-dalla. Babu sabon magani a aikinsa, abin da aka saba yi ne yake rubutawa. Kafin ya taɓa takarda ɗaya sai da kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ya duba ya amince, domin tun 2007 ƙasar nan take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya. Duk matar da za a sa a sashe na biyu ana karanta mata takardar amincewa da Hausa, tun kafin ranar aiki in hali ya yi, ba lokacin da ciwo ya rufe mata ido ba. Wadda ta ce a'a, kulawar da za a ba ta ba za ta ragu da ƙwayar zarra ba. Ni kuma na ƙara da nawa ɓangaren: babu suna ko lambar waya a cikin manhajar, lamba ce kawai, takardar da ke haɗa lamba da suna tana kulle a wurinsa, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane da ta hau kan irina.

Umma ta yi shiru tana jan carbi. Can ta ce, "To, na ji. Amma in kun gama, ku koma ku gaya musu abin da kuka gano. Kada ku kai wa Turawa su karanta, masu jikin ba su ji ba."

A duk abin da na karanta a kan wannan fanni ban ga sharaɗin da ya fi wannan adalci ba. Sakamakon bincike yakan ƙare a mujallar da aka rubuta da Turanci, wadda sau da yawa sai an biya da dala kafin a buɗe. Matar da aka auna jininta duk minti biyar ba za ta taɓa ganinsa ba. Alhali garin nan cike yake da gidajen rediyo masu shirin lafiya, da malaman asibiti masu yi wa mata bayani ranar awo, da wayoyi a kowane hannu. In mutane suka ji cewa ƙidayar da aka yi a kansu ce ta sa aka sauya yadda ake ƙarin ruwa ko aka ajiye wani magani kusa da hannu, gobe in an zo da takardar amincewa ba za su ga kura a cikinta ba.

Abin da abokina ya gano nasa ne, shi zai faɗa a gaban masu jarraba shi, kuma ya yi wa Umma alkawarin zai faɗa da Hausa bayan nan. Na san kuma cewa ranar da ya karɓi shaidarsa, Saudiyya da Ingila za su buɗe masa ƙofa, kamar yadda suka buɗe wa da yawa daga cikin waɗanda suka riga shi. Ba na tambayarsa shawarar da ya yanke. Abin da ke hannuna shi ne in tabbatar duk wanda ya gaje shi zai tarar da rajista mai tsabta, wadda aka rubuta giɓinta da dalilinsa, ya ɗora daga inda aka tsaya.

Kafin wannan rana, akwai abin da ya roƙe ni in isar, wanda ba ya buƙatar jiran kowane sakamako. In an sa maka ranar aiki, likitan barci zai zo ya yi maka tambayoyi, to ka gaya masa gaskiya. In an ce kada ka ci komai, ka sani kunu da koko da fura duk abinci ne. Dalilin hanin shi ne, in mutum ya yi irin wannan barci, abin da ke tsare maƙogwaronsa shi ma barci yake, abin da ke ciki yana iya tasowa ya faɗa huhu. In kana shan maganin hawan jini ko na suga, ka faɗa. In kana shan jiƙo ko wani sassaƙe, ka faɗa. In kana shan tiramadol ko wani abin da ba ka so a sani a gida, ka sa a fitar da 'yan'uwa ka faɗa masa shi kaɗai, domin da wannan zai auna abin da zai ba ka. In wani a danginku ya taɓa samun matsala da allurar barci, wannan ma labari ne da yake nema. Masu jinya kuma, bayan an ce ya farka, kada a naɗe tabarma. Kwana biyu ko uku da ke tafe su ne na sa ido, kuma in numfashi ya sauya, ko jiki ya yi zafi, ko mara lafiya ya fara magana ba kan gado, a tashi a kira ma'aikaci ko da ƙarfe uku na dare ne.